Maɓallin Abin Wuyan Yayata

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, baduku ne. Rumfarsa tana cikin Kasuwar Kurmi ta birnin Kano, kasuwar nan da aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ya kan ɗinka jaka da alabe da kube, amma abin da aka fi saninsa da shi shi ne ƙaramin aiki, watau ɗinkin laya, da maratayinta, da igiyar abin wuya ta mata. A shekarar 1978, ina aji biyar na firamare, mahaifiyata ta ce in riƙa zuwa wurinsa ran Asabar da ran Lahadi, don kada in zauna ina yawon banza a unguwa.

Na yi wata uku ba a ba ni ko basilla na riƙe ba. Aikina shara da ɗebo ruwa, da riƙe bakin igiya in Kawu yana murzawa. Amma kunnena a buɗe ya ke, idona kuma yana kan hannunsa.

Abin da na fara sani shi ne, ba kowace fata ta ke yin igiya siririya ba. Ta tunkiya tana da taushi, amma ba ta da ƙwari, in aka yanka ta siririya sai ta yage. Ta saniya kuwa ta yi kauri. Ta akuya ita ce daidai, tun ba ta jar akuyar Sakkwato ba, wadda a ƙasar Nijar a ke kira jar akuyar Maraɗi. Majema su kan jeme ta da 'ya'yan bagaruwa, a rina ta da karan dafi ta yi ja wur. Tun da can ayari ya kan ɗauki irin wannan fata ya ƙetare Hamada da ita. Barth, Bajamushen nan matafiyi da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa ana kai jemammun fatu daga nan har Tarabulus. Mutanen Turai kuwa, da ya ke daga bakin tekun Arewacin Afirka ta ke isa hannunsu, sai suka laƙaba mata sunan Maroko.

Ko a jikin fata guda ma akwai bambanci. Ta gadon baya tana da ƙarfi, ba ta cika miƙewa ba. Ta ciki sakwa-sakwa ce, in ka ja ta sai ta yi ta binka kamar danƙo. Kawu ya kan yanko ɗan kewaye daga gadon baya, faɗinsa bai fi tafin hannu ba, ya ɗora a kan allo. Sa'an nan ya sa wuƙa a gefe ya riƙa juya fatar, yana bin bakinta, yana zagayawa, har ya kai cibiyarta. Kafin ka ankara ɗan guntun nan ya zama igiya mai tsawon kamu uku ko huɗu. Sai ya jiƙa ta, ya murza a kan allo har ta yi mulmul, ya ɗaura mata ɗan dutse, ya rataye ta a inuwa ta kwana. In ta bushe ta gama miƙewar da za ta yi, sa'an nan ya goge ta da kakin zuma.

Duk wannan bai ɗaukarsa wani lokaci. Inda ya ke daɗewa shi ne wajen maɓalli, watau abin da ke haɗa bakin igiyar biyu a ƙeya. Nasa na fata ne tsantsa. Ya kan yanka 'yar fata mai faɗi a gindi, mai tsini a kai, ya naɗe ta tam kamar tabarma, ya huda da basilla, ya zura tsinin ya ja, sai ga ɗan dunƙule kamar ƙwayar gujiya. Wannan ya ke ɗinkewa a baki guda. A ɗaya bakin ya lanƙwasa igiyar ta yi hanci, ya naɗe gindin da zare. Hancin nan sai an ɗan matsa kafin dunƙulen ya shige. In ya shige da sauƙi, Kawu ya kan warware ya sake, ko da mai kaya tana tsaye tana jira.

Wata rana na gaji da jiran, na ce, "Kawu, ai ba mai ganin wurin nan. Ɗankwali ma ya rufe shi."

Ya ce, "Yaro, ka taɓa ganin abin wuyan da ya tsinke a ƙirji? A ƙeya su ke mutuwa. Nan gumi ya ke taruwa, nan a ke ja safe da yamma, nan jariri ya ke kai hannu in an goya shi."

Na ji, amma ban ɗauka ba.

To, a gidanmu akwai kakata, wadda mu ke kira Iya. Tana da waɗansu duwatsun wuya guda bakwai a ƙulle cikin tsumma a ƙasan adudunta. Irin dutsen nan ne da a ke kira tsakiya. In za ku faɗi sunan ku ja gaɓar farko, don ba tsakiyar abu a ke nufi ba. Jajaye ne masu ratsin fari, in ka ɗaga su a rana sai ka ga haske yana ratsa su. Shida ƙanana ne, ɗaya babba, tsawonsa ya kai ɗan yatsa. Iya ta ce kakanta ne ya zo da su daga Makka, a zamanin da a ke tafiya a ƙasa ta Barno da Wadai da Sudan, mutum ya yi shekaru kafin ya komo. Da na girma na karanta cewa yawancin irin wannan dutse a garin Kambay na ƙasar Indiya a ke fere shi, 'yan kasuwa su kawo Makka, alhazai su saya. Daga baya, a ƙarni na 19, wani gari na Jamus mai suna Idar-Oberstein ya shiga fere irinsa don kasuwannin Afirka. Na Iya dai, ko daga ina su ke, uwarta ta sa su ran aurenta, ita ma ta sa, mahaifiyata ma ta sa.

Bayan Babbar Salla ta wannan shekara, hunturu ya fara busawa, aka tsai da ranar auren yayata. Tsohuwar igiyar duwatsun ta riga ta ruɓe, sai Kawu ya yi alkawari zai yi sabuwa ran Asabar, don ran Lahadi da dare za a kai amarya. Asabar da asuba sai ga saƙo daga ƙauye, an yi rasuwa a dangin matarsa. Ya tafi, ya bar rumfa a hannun babban yaronsa da ni.

Da hantsi ƙawar Yaya ta zo da ƙullin tsumman, ta ce ina Kawu. Babban yaron ya fita sayen zare. Ni kuwa, ban san abin da ya hau kaina ba, sai na ji bakina ya ce, "Ai ya bar mini sallahu. Kawo, bayan azahar ki dawo ki karɓa."

Ƙarya ce. Bai bar mini komai ba.

Na duba, ba igiya ko ɗaya a rataye. Na ji tsoron taɓa babbar fata, sai na tsinci wani guntu a cikin kwandon ragowa, ban kula daga wane gefe ya fito ba. Na yanka, na jiƙa, na murza. Ba lokacin da za ta kwana, saboda haka na shafe ta da man gyaɗa don ta yi sheƙi, na zura duwatsun, babban a tsaka, uku nan, uku nan. Da na zo kan maɓalli sai na tuna akwai wani abin wuya na kanti da ya tsinke, wata mace ta bari a rumfar. Maɓallinsa na farin ƙarfe ne, yana ta ƙyalli, kowane gefe da 'yan fukafukai biyu da a ke naɗewa a kan igiya. A raina na ce, wannan ai ya fi dunƙulen Kawu mai kama da kashin akuya. Na ɓamɓare fukafukan da bakin wuƙa, na sa bakin igiyata a ciki, na matse da awartaki. Na ja sau ɗaya, ya riƙe. Ƙawar Yaya ta zo ta gani, ta ce, "Kai, wannan yaro ya fi kawunsa!" Ranar nan da ƙyar ƙafata ta ke taɓa ƙasa.

Ran Lahadi bayan lisha aka ɗauki amarya. Gidan angon ba nisa, unguwa ɗaya ce tsakani, saboda haka a ƙasa aka tafi, ta cikin lunguna, mata suna guɗa, yara muna biye da fitilu. Da aka shiga ɗaki aka yaye mata mayafi, sai wata gwaggonmu ta yi salati. Igiya ce kaɗai a kafaɗar Yaya. Maɓallin yana nan a rufe yadda aka rufe shi, amma baki ɗaya na igiyar ya zare daga cikin fukafukan.

Aka kakkaɓe zanenta, aka sami ƙanana huɗu a cikin ɗaurin. Da gari ya waye muka bi lungunan nan da rarrafe, muna tona ƙasa da yatsa, muka sami biyu kusa da wata kwata. Babban kuwa, mun yi kwana uku muna nema. Har rairayi muka ɗauka muka tankaɗe ƙasar ƙofar gidan ango. Ba a gan shi ba har yau.

Ba wanda ya tuhume ni, don kowa ya ɗauka aikin Kawu ne. Na ji da kunnena wata maƙwabciya tana cewa, "Baduku ya tsufa, hannunsa ya fara rawa." Wannan magana ita ta hana ni barci. Ran Talata da ya dawo, ban jira Asabar ba, ana tashi daga makaranta na wuce rumfa da igiyar a aljihuna. Na durƙusa, na ce, "Kawu, ni na yi. Na ce ka bar mini sallahu, ba ka kuwa bar mini ba."

Bai ce uffan ba. Ya karɓi igiyar ya sansana, ya ce, "Man gyaɗa." Ya ja ta tsakanin hannuwansa, ta miƙe, ya ce, "Fatar ciki." Sa'an nan ya ɗauki bakin da ya zare ya mai da shi cikin fukafukan. Ya shige sumul, ya fito sumul, ba ko tirjiya.

Ya ce, "Da ka matse ta, a jiƙe ta ke?"

Na ce, "I, Kawu."

Ya ce, "To, ka gani. Jiƙaƙƙiyar fata a kumbure ta ke. Ka matse ƙarfe daidai kumburinta, iskar hunturu ta zo ta shanye ruwan, ta rame, ƙarfe kuwa yana nan yadda ka bar shi. Ga nauyin dutse yana ja, ga mai ka shafa mata don ta ji daɗin fita. Ko ƙulli ɗaya da ka yi a gefen kowane dutse, da igiyar ta faɗi da kayanta a wuri guda."

Na ce ya doke ni. Ya ce ba shi na yi wa ɓarna ba, in tashi in tafi wurin mai duwatsu.

Na iske Iya a bakin murhu tana jin ɗumi. Tsakanina da ita wasa ne, kamar kowane jika da kakarsa, kullum ta kan kira ni maigidanta. Na faɗa mata duka, kaina a sunkuye. Ta daɗe tana tona toka da ɗan kara, sa'an nan ta ce, "Maigida, ashe kai ka zubar mini da dukiya a lungu? To, na yafe, amma sai ka biya ni da goro." Ta yi dariya. Amma da na kai bakin ƙofa na waiwaya, sai na ga tana shafa tsumman nan da ba kome a cikinsa. Da duka aka yi mini, da tuni na manta.

Asabar ta gaba Kawu ya zaunar da ni, ya ce tun da ƙarfe na ke so, zai nuna mini yadda a ke aurar da shi ga fata. Ya aika aka sayo ƙugiya da zobe na tagulla wurin maƙeran farfaru. Ya ce kada in kuskura in sa baƙin ƙarfe, don fatar da aka jeme da bagaruwa, in ta haɗu da baƙin ƙarfe da laima, sai ta yi baƙi. Da wannan dabara ma dukawa su ke yin kuloko, baƙin rinin nan nasu. A ƙeya kuwa gumi zai sa ƙarfen ya yi tsatsa, ya ci fatar. Tagulla ita ma ta kan yi kore da gumi, amma a kan goge. Azurfa ta fi su duka, ga mai hali.

Ya fara bin cikin zoben da magagari har ya yi santsi, don kaifi kaɗan ya isa ya yanke igiya a hankali. Sa'an nan ya ɗauki busasshiyar igiya, ya fere bakinta da aska misalin inci ɗaya, ta wajen ciki, har kaurin ya ragu da rabi. Ya zura ta cikin zoben, ya lanƙwaso ta ta kwanta a jikin 'yar'uwarta. Saboda ferewar nan wurin bai yi tudu ba. Ya soka allura sau ɗaya ta ratsa su duka biyu, da zare mai kaki. Daga nan sai naɗi, kuma nan ne dabarar ta ke. Ya kwantar da wani ɗan zare daban a jikin igiyar, a ninke biyu, ya yi ta naɗa zaren ɗinkin a kansa, kowane zagaye a manne da na bayansa, har goma sha biyu. Ya zura wutsiyar zaren cikin hancin ninkakken, ya fizgo ninkakken ta ƙasa, sai wutsiyar ta bi shi ta shige ƙarƙashin naɗin ta ɓace. Ba ƙulli a waje da zai soki wuya, ba kuma bakin zare da zai warware.

Ya ce in yi ashirin. Kowace na gama, ya rataye ta a ƙusa, ya ɗaura mata dutsen guga, ta kwana. Da safe mu duba. Bakwai na farko duka a ƙasa muka same su. Sai da na kai ta goma sha ɗaya ya daina ɗaga gira. Ta ashirin ita ya ce in zura wa duwatsu shidan da suka rage, da ƙulli a gefen kowanne. Ya sa na kai wa Yaya da hannuna, ya kuma sa na tsaya a gaban maƙwabciyar nan na faɗa mata wanda ya yi na farko.

Ban zama baduku ba, aikin malanta na yi. Amma har yanzu akwai basilla da kaki a cikin akwatina, 'yan mata na unguwa kuma su kan kawo mini abin wuyansu in ya lalace. Yawancin kayan da su ke saye a kasuwa yanzu daga ƙasar Sin su ke zuwa, a cikin 'yan ledoji. Igiyar a mulmule ta ke zuwa, mai kaurin milimita 1, ko 1.5, ko 2, wata ma ba fata ba ce, roba ce aka yi wa kamannin fata, hanci ya kan gane. Maɓallin nan mai fukafukai da ya kā da ni yana nan da yawa, kuma ba laifinsa ba ne. In igiyar busasshiya ce, ba mai a jikinta, kaurinta kuma ya cika kwarmin ƙarfen, yana riƙewa. A ɗiga gam kaɗan, a kwantar da fiffike ɗaya da filaya, sa'an nan a kwantar da ɗayan a kansa. Kada a matse su gaba ɗaya, kada kuma a danna da ƙarfin tsiya, don bakin ƙarfen zai datse fatar. Akwai kuma mai kama da 'yar hula, wanda a ke cusa bakin igiya a ciki da gam. Shi wannan sai an kankare sheƙin bakin igiyar tukuna, in ba haka ba gam ba shi da abin kamawa. Gam ɗin nan mai bushewa nan take ba na sonsa a kan fata. Ya kan sandarar da ita, wurin da taurin ya ƙare kuma nan ta ke karyewa. Ɗan zoben da ke haɗa ƙugiya da sauran, shi ma yara suna ɓata shi. Ba a wage bakinsa. Murɗa shi a ke yi, baki ɗaya gaba, ɗaya baya, in an gama a murɗo shi ya koma ya haɗe.

Iya ta rasu, Kawu ma ya rasu, Allah ya jiƙansu. Duwatsu shidan nan suna wurin Yaya. Da za a aurar da jikarta ta fari, ta aiko a kira ni in sake musu igiya. Na yanka ta daga gadon baya, ta kwana da dutse, na yi mata ƙugiyar azurfa da naɗi goma sha biyu. Da na kai, Yaya ta karɓa, ta sa tabarau, ta juya shi ta wajen ƙeya. Ta naɗa bakin biyu a yatsunta, ta ja da iyakar ƙarfinta, ta huta, ta sake ja. Sa'an nan ta miƙa wa yarinyar, ta ce, "Ungo, ɗaura. Amma a mota za a kai ki."